Babi na Shida: Injiniyoyin Burbank da Jiragen Sirri na Amurka

A garin Burbank da ke arewacin birnin Los Angeles, a jihar Kalifoniya, kamfanin Lockheed ya riƙe wani ɗan sashe na musamman daga shekarar 1943 har zuwa farkon shekarun 1990. Kowa ya fi sanin sashen da laƙabin Skunk Works. A nan aka zana P-80, jirgin yaƙi mai injin jet na farko da ya shiga aikin sojan Amurka sosai, da jirgin leƙen asiri U-2, da SR-71 wanda har yau yake riƙe da kambun gudu a cikin jiragen jet masu matuƙi, da F-117 wanda na'urar rada ke shan wahalar gani. Mutanen da suka yi waɗannan ayyuka sun shafe shekaru bakinsu a ɗaure da rantsuwar riƙe sirri, sai da suka tsufa gwamnati ta fara sakin takardu sannan suka samu sukunin magana. Shugabannin sashen biyu sun bar tarihin rayuwarsu a rubuce: Clarence Johnson, wanda aka fi sani da Kelly, a 1985, sai Ben Rich a 1994. Ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya ya tattara hirarraki da tsofaffin ma'aikatan masana'antar jirage, su kuma waɗanda suka yi aiki a filin gwaji na hamadar Nevada suka kafa ƙungiya mai suna Roadrunners Internationale. Daga bakin waɗannan mutane ake sanin yadda aikin kwangilar tsaro yake daga ciki.

Kelly Johnson da tantin 1943

An haifi Johnson a 1910 a garin Ishpeming na jihar Michigan, iyayensa talakawa ne 'yan asalin Suwidin. Yana ɗalibi a Jami'ar Michigan aka kawo samfurin wani jirgin fasinja na Lockheed mai suna Electra domin a gwada shi a bututun gwajin iska. Malaminsa ya ce samfurin ya yi. Johnson bai gamsu ba, kuma da kamfanin ya ɗauke shi aiki a 1933 kan albashin dala 83 a wata, sai ya faɗa wa babban injiniya Hall Hibbard gaba da gaba cewa jirgin ba zai tsaya daidai a iska ba. Maimakon ya kore shi, Hibbard ya mayar da shi Michigan da samfurin ya ce ya gyara. Ya dawo da jela mai baki biyu, wadda ta zama tambarin jiragen Lockheed na wannan zamani.

A tsakiyar 1943 labari ya tabbata cewa Jamus ta yi nisa wajen ƙera jirgin jet Me 262. Birtaniya ta ba Amurka injin da kamfanin de Havilland ya ƙera, aka kuma nemi Lockheed ya gina jirgi a kansa cikin kwana 180. Masana'antar a cike take da aikin P-38 na yaƙi, babu ko kusurwa guda da ba kowa. Johnson ya tsinto injiniyoyi ashirin da 'yan kai da makanikai ɗari da ɗoriya, aka yi bango da akwatunan katako na injinan jirgi, aka rufe sama da tantin 'yan wasan dandali da aka yi haya. Akwai masana'antar roba a kusa mai wari ƙwarai, daga nan laƙabin sashen ya samo asali, aro daga wani zanen barkwanci na jarida. Suna aikin awa goma a rana, kwana shida a mako. Takardar kwangilar ma ba ta iso ba sai a watan Oktoba, bayan wata huɗu da fara aiki. An miƙa jirgin cikin kwana 143, ya kuma tashi ranar 8 ga Janairun 1944.

Wannan labari shi ne tsofaffin injiniyoyi suka fi so, amma yana da ƙarashe. Milo Burcham, matuƙin da ya fara tashi da jirgin, ya mutu a wani samfurinsa a watan Oktoban wannan shekarar. Richard Bong, matuƙin Amurka da ya fi kowa kakkaɓo jiragen abokan gaba a Yaƙin Duniya na Biyu, ya rasu yana gwajin P-80 bayan ya tashi daga Burbank ranar 6 ga Agustan 1945, ranar da aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima.

Yadda ake aiki a sashen

Abin da ya fi yawan fitowa a bakin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin Johnson shi ne tsarin aikin, fiye ma da jiragen kansu. Ya rubuta ƙa'idoji 14. Manaja ya riƙe wuƙa da nama a kan aikinsa, ya kuma kai rahoto kai tsaye ga manyan kamfani. A taƙaita yawan mutane matuƙa, kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari na abin da aka saba. A rage rubuta rahotanni, amma a rubuta muhimmin abu filla-filla. A duba lissafin kuɗi kowane wata, kada a zo wa mai kwangila da labarin ba-zata. Kamfanin da ya ƙera jirgi shi ne zai fara gwada shi a sama, don in bai yi haka ba zai manta yadda ake zana jirgi. Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ta fi zurfi: a biya mutum gwargwadon nagartar aikinsa, kada a auna matsayinsa da yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa. A yawancin ma'aikatu, na gwamnati da na 'yan kasuwa, hanyar samun girma ita ce tara ma'aikata, shi ya sa kowane ofis yake kumbura. Johnson ya toshe wannan ƙofa.

A aikace, teburin mai zane bai wuce 'yan taku daga inda ake yanka ƙarfe ba. In makaniki ya ga cewa noti ba zai shiga inda zane ya ce ya shiga ba, sai ya taka ya samu injiniyan, su gyara zanen a ranar. Injiniya kuwa yana bin abin da ya zana tun daga takarda har ya ga an ɗaura shi a jikin jirgi, in ya lalace a filin gwaji shi za a tasa cikin dare. Babu kwamfuta a wancan lokaci sai rular lissafi mai zamewa da injinan ƙidaya na tebur. Ben Rich, wanda ƙwararre ne a lissafin zafi, ya ba da labarin yadda Johnson kan kalli zane ya faɗi zafin da wani sashe zai kai, shi kuma ya shafe awanni yana lissafi ya tarar da amsar kusan daidai.

Johnson ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da zafin zuciya, yana yi wa manya tsawa a gaban jama'a, kuma ya daɗe yana fama da gyambon ciki. Sai dai ma'aikatansa sun yarda da shi saboda ba ya sayar da abin da bai yarda da shi ba. A ƙarshen shekarun 1950 an ba shi kwangilar wani jirgin leƙen asiri mai amfani da iskar haidirojin da aka mayar ruwa. Da lissafi ya nuna masa cewa jirgin ba zai yi dogon zango ba, shi da kansa ya ba gwamnati shawarar a soke aikin. Ɗan kwangilar da zai ce a karɓe kwangila daga hannunsa ba kasafai ake samunsa ba, a Amurka ko a wani wuri. Ba kullum hasashensa ke daidai ba. Lokacin da aka kawo zanen jirgin dakon kaya C-130, ya gargaɗi Hibbard cewa wannan jirgi zai durƙusar da kamfanin. Jirgin ya tashi a watan Agustan 1954, har yau ana ƙera shi, kuma yana cikin jiragen da rundunonin sojin sama na Nijeriya da Nijar suka yi aiki da su.

Mata ba su da yawa a ɗakunan zane na wancan zamani. Ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan ɗin ita ce Mary Golda Ross, 'yar ƙabilar Cherokee, wadda ta shiga Lockheed a 1942 a matsayin masaniyar lissafi, ta yi aiki a kan P-38, daga baya kuma a kan rokar Agena. A 2019 aka sa hotonta a kan tsabar dala ɗaya.

U-2 da rayuwar sirri

A farkon shekarun 1950 Amurka ba ta san yawan jiragen yaƙi da makaman Tarayyar Sobiyet ba, tsoro kuma ya sa ana zuzuta su. Johnson ya gabatar da zanen jirgi mara nauyi mai dogayen fuka-fukai da zai iya hawa ƙafa 70,000, wato fiye da kilomita 21. Rundunar sojin sama ta ƙi shi. Edwin Land, mai kamfanin Polaroid, ya kai maganar gaban Shugaba Eisenhower, aka miƙa aikin ga hukumar leƙen asiri ta CIA a ƙarshen 1954, ƙarƙashin Richard Bissell. Kwangilar ta jirage 20 ce kan dala miliyan 22.5. Cikin wata takwas jirgin farko ya tashi, a watan Agustan 1955, kuma an kammala aikin ƙasa da kuɗin da aka ware da kusan dala miliyan 3.5. Cekin farko na aikin gidan Johnson aka aika da shi ta gidan waya, don kada ya bi ta ofishin kuɗi na kamfani. Tarihin da CIA ta rubuta ya ce man jirgin na musamman ya cinye wasu sinadaran da ake yin maganin sauro na feshi da su, har aka yi ƙarancinsa a kasuwannin Amurka a wannan shekarar.

An zaɓi wani busasshen tafki a hamadar Nevada, Groom Lake, domin gwaji. Shi ne wurin da duniya ta sani yau da sunan Area 51. Ana kwasar ma'aikata daga Burbank a jirgi ranar Litinin, a dawo da su ranar Juma'a. Matar aure ba ta san inda mijinta yake kwana ba, 'ya'ya ba su san sana'ar ubansu ba, in aka tambaye su a makaranta sai su ce yana aiki a Lockheed. Tsofaffin ma'aikata da yawa sun ambaci auren da ya mutu ta wannan hanya. Ranar 17 ga Nuwamban 1955 jirgin da ke jigilar ma'aikatan ya bugi Dutsen Charleston kusa da Las Vegas, mutum 14 da ke ciki suka mutu, kuma iyalansu sun shafe shekaru fiye da arba'in ba su san aikin da ya kai su can ba. Wannan zalunci ne da ba a buƙatarsa, domin sirrin U-2 ya fasu tun 1960.

U-2 ya fara keta sararin Sobiyet ranar 4 ga Yulin 1956. Hotunan da ya ɗauko sun nuna cewa jiragen bama-bamai na Rasha ba su kai yadda ake tsoro ba, kuma wannan ya ba Eisenhower hujjar ƙin biye wa masu neman a ninka kasafin makamai. Ranar 1 ga Mayun 1960 aka harbo matuƙin U-2 Francis Gary Powers kusa da Sverdlovsk bayan ya taso daga Peshawar ta Pakistan. Amurka ta ce jirgin binciken yanayi ne ya ɓata hanya, sai shugaban Sobiyet Khrushchev ya fito da matuƙin da ransa tare da hotunan da ya ɗauka. Taron ƙolin manyan ƙasashe da aka shirya a Paris ya watse. Bayan an yi musayar Powers da ɗan leƙen asirin Sobiyet Rudolf Abel a 1962, Johnson ya ɗauke shi aikin gwajin jirage.

Taitaniyam

Tun kafin a harbo Powers an san ranar U-2 a kan Rasha ƙidayayya ce. Magajinsa dole ya ninka gudun sauti sau uku, a wannan gudun kuwa gogayyar iska tana ɗumama fatar jirgi fiye da digiri 300 a ma'aunin Salshiyas a wasu wurare. Alminiyam ba zai jure ba, ƙarfe kuma ya yi nauyi. Sai taitaniyam, wanda ba a taɓa gina jirgi kusan gaba ɗaya da shi ba. Amurka ba ta da isasshensa, don haka CIA ta kafa kamfanonin boge ta sayo shi daga Tarayyar Sobiyet, ƙasar da aka shirya jirgin domin leƙenta.

A nan ne tunanin tsofaffin injiniyoyi ya fi daɗi, domin kowace matsala sai da aka bi sawunta. Kawunan noti suna ɓallewa in sun yi zafi. Bincike ya nuna cewa sifanun makanikai an shafe su da sinadarin kadmiyam, ɗan abin da ke gogewa daga jikinsu shi ke raunana taitaniyam. Aka bi akwatunan kayan aiki ɗaya bayan ɗaya aka fitar da su. Sai kuma aka lura cewa fallayen fiffike da aka yi wa walda da rani suna saurin tsagewa, na hunturu kuwa lafiya lau. Dalilin da ya sa aka gano haka shi ne an ajiye bayanin kowane yanki, da ranar da aka yi shi da rukunin ƙarfen da ya fito. Ashe hukumar ruwa ta Burbank ce ke ƙara sinadarin kulorin a ruwan famfo lokacin zafi don kashe gansakuka, da wannan ruwa kuma ake wanke fallayen. Aka koma wanki da tataccen ruwa. Bakin injin huda yana dakushewa bayan 'yan ramuka, sai da aka ƙera sababbi. An yi sabon mai, JP-7, wanda ashana ba ta kunna shi, sai da wani sinadari mai kamawa da wuta da zarar ya taɓa iska. Da yake jikin jirgin yana miƙewa in ya yi zafi, an bar sarari tsakanin fallayen, saboda haka a ƙasa mai yana ɗiga daga tankunansa kamar ruwa a kwando, sai ya hau sama ya yi zafi sannan su rufe.

Ben Rich ne ya jagoranci zanen bakin da iska ke shiga injin. Akwai wani tsini a kowane baki da ke matsawa gaba da baya har santimita 66 don sarrafa iskar, kuma a cikakken gudu mafi yawan ƙarfin tura jirgin daga wannan tsari yake fitowa. In iskar ta kuɓuce daga baki ɗaya, jirgin kan fizge gefe da ƙarfin da ke buga kan matuƙi da gilashi. A watan Janairun 1966 irin haka ta wargaza wani SR-71 a sama. Matuƙin gwaji Bill Weaver ya tsira da laima, abokin aikinsa Jim Zwayer ya mutu.

Samfurin CIA, A-12, ya tashi a Afrilun 1962, SR-71 na sojin sama kuma ranar 22 ga Disamban 1964. An ƙera SR-71 guda 32, an rasa 12 a haɗurra, ba a taɓa harbo ko ɗaya ba. A 1974 ya tashi daga New York zuwa Landan cikin ƙasa da awa biyu, a watan Yulin 1976 kuma ya kafa tarihin gudun kilomita 3,529 a awa. Abin da ya fi ƙona ran waɗanda suka gina shi shi ne umarnin da ma'aikatar tsaro ta bayar a ƙarshen shekarun 1960 cewa a lalata kayan aikin da ake ƙera shi da su.

Shekarun kora da cin hanci

Sana'ar da abokin cinikinta ɗaya ne, wato gwamnati, ba ta da tabbas. Da shirin Apollo na zuwa duniyar wata ya fara lafawa, kasuwar jiragen fasinja ta faɗi, majalisa kuma ta soke aikin jirgin fasinja mai wuce gudun sauti a 1971, ma'aikatan Boeing a yankin Seattle sun ragu daga kusan 100,000 zuwa ƙasa da 40,000 cikin shekara huɗu. Wasu dillalan gidaje biyu suka kafa allo a bakin hanya suna roƙon wanda zai zama na ƙarshen barin garin ya kashe fitilu. Injiniyoyi masu digiri biyu sun koma tuƙin tasi da sayar da inshora. Yawancin masu wannan sana'a sun yi aiki a kamfani uku ko huɗu a rayuwarsu, suna bin kwangila daga Lockheed zuwa Northrop, daga Douglas zuwa Hughes.

Lockheed ma ya kusa rushewa a 1971, lokacin da Rolls-Royce mai ƙera injin jirginsa na fasinja TriStar ya yi fatara. Gwamnatin Amurka ta tsaya masa kan bashin dala miliyan 250, kuma da ƙuri'a ɗaya tak dokar ta wuce a Majalisar Dattawa. A 1975 da 1976 binciken majalisar ya tono cewa kamfanin ya raba aƙalla dala miliyan 22 ga jami'an ƙasashen waje don a sayi jiragensa. An kama tsohon firaministan Japan Kakuei Tanaka, kotu ta same shi da laifi a 1983. Yarima Bernhard na Holan ya sauka daga muƙamansa na soja. Shugabannin kamfanin biyu sun yi murabus, a 1977 kuma Amurka ta kafa dokar hana kamfanoninta ba da cin hanci a ƙetare. Injiniyoyin sashen Johnson ba su da hannu a wannan, amma jirgin da suka zana yana ciki. F-104 an yi shi ne don tare jirage a can sama cikin yanayi mai kyau, sai aka sayar wa Jamus ta Yamma a matsayin mai kai hari ƙasa-ƙasa a cikin hazon Turai. Daga cikin 916 da ta saya, 292 sun faɗi, matuƙa 116 suka mutu. Labaran tsofaffi ba su cika tsayawa a nan ba.

Ben Rich da jirgin da rada ba ta gani

Rich, haifaffen Manila ta ƙasar Filifin a 1925, ya gaji Johnson a 1975, lokacin da sashen ke neman aikin da zai riƙe ma'aikatansa. Wani matashin injiniya mai suna Denys Overholser ya kawo masa wani rubutu na masanin Rasha Pyotr Ufimtsev, wanda aka buga a Mosko a 1962, sojin saman Amurka suka fassara a 1971. Rubutun ya nuna yadda za a lissafa yadda igiyar rada ke dawowa daga gefuna da kusurwoyi. Kwamfutocin lokacin ba za su iya lissafin lanƙwasasshen jiki ba, sai shimfiɗaɗɗun fallaye, shi ya sa jirgin ya fito da kusurwoyi ko'ina. Johnson, wanda ya yi ritaya amma yana zuwa a matsayin mai ba da shawara, ya raina zanen, ya kuma ci caca da Rich kan kwabon kwata cewa tsohon jirginsa mara matuƙi D-21 zai fi shi ɓuya. Gwaji ya nuna ya faɗi, ya biya. Rich kan shiga ofishin janar-janar ya mirgina ƙwayar boris a kan tebur, ya ce musu girman jirgin ke nan a idon rada.

Jirgin gwaji ya tashi a Disamban 1977. Siffarsa ba ta bari ya tsaya a iska da kansa, sai da aka aro kwamfutar sarrafa tuƙi ta F-16. Jiragen gwajin biyu duk sun faɗi, amma sun tabbatar da lissafin. F-117 ya tashi a Yunin 1981, ya shiga aiki a 1983, ba a sanar da duniya ba sai a Nuwamban 1988. An ƙera 59. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya kai hare-hare sama da 1,200 ba tare da an rasa ko ɗaya ba. A wannan yaƙin, ranar 13 ga Fabrairu, jiragen F-117 biyu suka jefa bama-bamai kan maɓoyar Amiriyya a Bagadaza, fararen hula fiye da 400 suka mutu, mafi yawansu mata da yara. Amurka ta ce ta ɗauka cibiyar umarnin soja ce. Injiniya bai zaɓi wurin ba, amma daidaiton da ya sa bam na biyu ya bi ramin na farko aikin injiniyoyi ne, kuma tarihin jirgin bai cika ba in an cire wannan dare. A Maris na 1999 sojojin Sabiya suka harbo ɗaya da tsohon makami mai linzami ƙirar Sobiyet.

Rich ya yi ta kuka da yawan masu binciken kuɗi da jami'an tsaro da tarin takardu da suka mamaye aikinsa, abin da Johnson bai gani ba a zamaninsa. Kukan yana da tushe. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma bayan abin kunyar 1976 babu majalisar da za ta yarda a ci gaba da aika cekin gwamnati gidan mutum.

Bayan Yaƙin Cacar Baka

Johnson ya rasu a Disamban 1990, Rich ya yi ritaya a daidai wannan lokaci, ya rasu a 1995. A 1993 mataimakin sakataren tsaro William Perry ya tara shugabannin kamfanonin makamai cin abincin dare a Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaro, ya shaida musu cewa kasafin kuɗi ba zai iya ɗaukarsu duka ba. Haɗaka ta biyo baya: Northrop da Grumman a 1994, Lockheed da Martin Marietta a 1995, Boeing da McDonnell Douglas a 1997. Rahoton Pentagon na 2022 ya ce manyan 'yan kwangila sun ragu daga 51 zuwa 5. Dubun-dubatar ma'aikata a kudancin Kalifoniya suka rasa aiki.

Tsofaffin injiniyoyi kan kwatanta kwana 143 na P-80 da F-35, wanda Lockheed Martin ya ci kwangilarsa a 2001, bai shiga aikin soja ba sai 2015, kuma ofishin binciken kuɗi na gwamnati ya ƙiyasta zai laƙume sama da dala tiriliyan 2 a tsawon rayuwarsa. Kwatancin bai cika adalci ba, domin jirgin yau rabinsa manhajar kwamfuta ce, kuma ba wanda zai yarda da yawan matuƙan da aka rasa a da. Amma sun yi gaskiya a abu ɗaya: injiniyan zamanin Johnson ya ga jirage goma ko fiye daga zane zuwa tashi, na yau kuwa yana iya yin ritaya a kan jirgi ɗaya, kuma ƙwarewar da ake samu ta maimaita aiki ba a koyonta daga takarda.

Sashen ya koma Palmdale a farkon shekarun 1990, aka rushe masana'antar Burbank aka gina kantuna a wurin. An tarar da sinadaran wanke ƙarfe sun gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin, gwamnati ta sa shi cikin jerin wuraren da suka fi buƙatar tsaftacewa, a 1996 kuma kamfanin ya biya mazauna unguwar dala miliyan 60. Ɗaruruwan ma'aikata sun kai ƙara kan cututtukan da suka danganta da sinadaran da suka yi aiki da su. A 1994 wasu ma'aikatan Groom Lake suka shigar da ƙara cewa ana ƙona sharar sirri a buɗaɗɗun ramuka suna shaƙar hayaƙin, suna neman a faɗa musu abin da ke ciki don likitoci su san maganin da za su ba su. A 1995 Shugaba Clinton ya sa hannu kan umarnin da ya keɓe wurin daga dokar bayyana bayanan muhalli, kotu ta kori ƙarar bisa hujjar sirrin ƙasa, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar a 1998.